Jan Durom ɗin Hajiya Kulu

Kwanakin baya ina fentin wani shago a bakin tashar Tambuwal, wasu samari suka jingina da baburansu suna kallona kamar an kawo musu wasa kyauta. Ɗayansu ya ce da ɗan'uwansa, da muryar da ya tabbata zan ji, "Wagga ma sana'a ta? Tsoma ka shafa, tsoma ka shafa. Ko ƙanena na iyawa." Na sauko daga tsani na miƙa masa rola, ya karɓa da fara'a. Kafin ya rufe taku ɗaya na bango, rabin fentin yana kan sumarsa da takalminsa, sauran yana gangarowa kamar majinar yaro. Na ce masa madalla, ya je ya turo mini ƙanen nasa.

Don irinsu nake son in faɗi abin da ke cikin wannan sana'a tun ina da sauran haƙora. Sunana Mamman, amma in ka tambaya haka kawai za a nuna maka rabin gari. Ka ce Mamman Mai Fenti. In kuwa tsofaffin mata ka tarar, ka ce Mamman Mai Karɓe Durom, za su nuna maka ƙofar gidana ba tare da sun ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba. Yadda na samu sunan nan na biyu shi ne labarin, sai dai ba a gane shi sai an san yadda aikin yake tafiya.

Aikin farko da ubangidana Malam Bawa ya ba ni shi ne wankin buroshi. In jiƙa a kananzir, in matse, in taje gashin da tsohon mataji, in rataye shi gashi na kallon ƙasa. In ya zo ya lanƙwasa ya ji gindin gashin ya yi tauri, ba ya zagi. Sai ya ce, "Allah shi jiƙan buroshin ga, ya yi muna aiki," ya wuni yana yi mini ta'aziyya a gaban mutane har in gwammace duka. Daga wanki aka ƙara mini girma zuwa kankarar bango. A nan na san cewa shafa fenti ita ce hutun mai fenti. Aikin yana wajen kankare tsohon da ya kumbura, cike tsaga, gogewa da sanfefa har yatsunka su daina jin zafin tuwo. Malam Bawa yakan ce, "Fenti munafuki na. Abin da kaɓ ɓoye ƙarƙashinai, shi za shi tona ma bayan damina."

Fentin ruwa na bango ne, fentin mai na ƙofa da taga da ƙarfe. Sabon siminti ba a shafa masa komai sai ya bushe har ciki, amma ban taɓa ganin mai gidan da ya yarda da haka ba, kullum jibi ne ɗaurin aure. Ka shafa a kan danshi ya ɓare, kai ne ba ka iya ba. Ka ce a jira, kai ne mai jan rai. Akwai kuma wata ɗabi'a ta Malam Bawa da muke yi wa dariya a bayan idonsa. Duk gwangwanin da bai sani ba, sai ya buɗe ya shinshina, ya tambaye shi kamar mutum, "Kai, don mi anka yi ka?" Ya ce ban da launi, kowane fenti akwai abin da aka zuba masa don wani aiki, wani don tsatsa, wani don rana, wani don ruwa. Na haddace maganar nan tsaf, irin haddar da ba ta hana mutum komai.

Abin da samari ba su sani ba kuma shi ne, maza ke kiran mai fenti amma mata ke zaɓensa. Ɗakin amarya shi ne abincinmu, kuma uwar amarya ba ta tambayar ko hannunka ya miƙe. Tambayarta ita ce ko kana barin bokiti. A ƙasar nan, in fenti ya ƙare, mazubinsa na uwargida ne. Ba a rubuta ba, ba a kuma tsallakewa. Bokitin fenti shi ne na wanka, na jiƙon gero, na ɗebo ruwa, in ya tsage a ɗinke shi ya koma na dusa. Na san mai fentin da bangonsa yake fitowa kamar bayan damisa, amma bai taɓa rasa aiki ba, domin har wanke bokitin yake yi kafin ya miƙa.

Babban abokin gabarmu a nan gara ce. Ta ci katakon rufi, ta ci ƙofa, ta bar maka fentin a tsaye kamar ɓawon gyaɗa. Maganin da muka gada shi ne baƙin man da aka juye daga inji, a shafe katako da shi, gara ta ɗan yi kawaici ta dawo. Ana cikin haka Shehu Ɗan Ikko ya dawo gida. Shehu ya daɗe yana ci-rani a bakin tashar jiragen ruwa, kuma bai taɓa dawowa da abin da ya san amfaninsa ba. Wannan karon ya sauke wasu gwangwanaye da ƙananan durom-durom na ƙarfe, cike da jan fenti mai kauri, ja mai duhu kamar ƙasar gini.

"Fentin jirgin ruwa na," in ji shi. "Da shi aka shafa ma gindin manyan jirage. Turawa sun bar yayinai, shi ya sa nis same shi awa kyauta."

Na gwada a kan wani guntun katako na jefa shi kan suri. Bayan kwanaki na koma, gara ta zagaye shi kamar an ja mata iyaka. Ya ƙona mini damtse, inda ya ɗiga ya yi ƙuraje masu ruwa, idanuna suka yi ta hawaye. Ni da duk wanda na nuna wa muka yi ittifaƙi cewa alamar inganci ke nan. Mu nan maganin da bai yi zafi ba ai ba ma yarda cewa magani ne. Kafin wani lokaci sunana ya kai Dogon Daji, ana cewa Mamman ya samo fentin da gara ke tsoro. Malam Bawa ya riga ya rasu, ba wanda ya tambayi gwangwanin don me aka yi shi.

Aikin da na fi alfahari da shi a lokacin na Kebbe ne, gidan Alhaji Ummaru. Surukina ne. Ɗiyata ta fari tana auren babban ɗansa, kuma ba zan faɗi sunanta a nan ba, kamar yadda ban taɓa faɗinsa a ko'ina ba. Ɗan fari ai ba a kiransa, ba a nuna an damu da shi, ko ciwo yake yi sai dai ka tambayi lafiyar gida gaba ɗaya. Alhaji ya sake rufi, na ce aikin surukai ba a yi masa ƙwauro. Na ɗaura durom guda na jan fentin a bayan babur, hanyar Kebbe ta girgiza shi har ban sake buƙatar motsa shi ba. Na shafe katakon rufi ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗora kwano, na bi ƙofofi da tagogi. Da na gama, na kife durom ɗin ya tsane, na aika wa uwargida Hajiya Kulu abinta bisa al'ada. Ta aiko mini da fura mai yawan nono da godiya.

Ba a daɗe ba durom ɗin ya fi ƙofofin suna. Hajiya ta shanya shi a rana warin ya fita, jan fentin ya bushe a cikinsa sumul, ta mai da shi na ruwan sha. Sai aka lura da abin mamaki. Kowane mazubi in ruwa ya kwana biyu a ciki gansakuka take fitowa, tsutsotsin sauro su fara wutsil-wutsil. Ban da jan durom. Ruwansa garau kamar hawaye, ko mako ya yi. Maƙwabta suka riƙa aron sa ranar suna. Mai ɗakina ta dawo daga ziyara ta ce Hajiya ta hana kowa sha daga randa, ta ce surukarta musamman daga jan durom za ta riƙa sha, domin yarinyar ta samu ciki. Na yi kamar ban ji rabin maganar na ƙarshe ba, na ce ai kayan Turawa ba ƙarya.

A makon nan ne na je shafa ƙofofin Malam Lawali, wani malamin kimiyya a makarantar sakandare nan Tambuwal. Na naɗe hannun riga ina buɗe gwangwanin jan fentin, ya ga damtsena. Ya tsuguna ya juya gwangwanin, ya goge ƙurar jikinsa, ya daɗe yana dubawa. Ya nuna mini wasu baƙaƙe uku, TBT, sa'an nan ya ce in rufe.

"Mamman, ka san kuza?"

"Wadda aka haƙa Jos? Na sani."

"To kuza ita kaɗai baiwar Allah ta. Ita aka shafa ma gwangwanin madara da na tumatir, ka ci ka kwana lafiya." Ya ɗauki tsinke ya zana da'ira a ƙasa, ya fitar mata da layi huɗu. "Amma wuri fuɗu gare ta da aka iya liƙa mata hannuwa, hannuwa na dangin man fetur. In anka liƙa biyu, shi aka zuba ma robar bututun ruwa ɗan kaɗan don kada zafi shi ɓata ta wurin ƙira, da wurin yin soson katifa. Shi ma ba abin lasa ba na, amma da sauƙi. In anka liƙa ukku, to an yi ɗan ta'adda. Kuza tsura ba ta zama jiki, wucewa ta kai. Amma hannuwan ga na mai na, fata kau na son mai, sai ta buɗe mishi ƙofa."

Na ce to ai da ma don ya kashe gara nake sa shi.

"Ba don gara anka yi shi ba, ba kuma don kyau ba. An yi shi don shi riƙa sakin guba cikin ruwa sannu-sannu, shekara da shekaru, don kada ciyawa da ƙananan halittu su liƙe ma gindin jirgi. Kuma ya yi aikinai har ya zarce. Kifi na mutuwa, kawa, wata halitta mai ɓawo da aka ci, ta lalace. Akwai dodon koɗi na teku da matansu sunka fara fid da abin maza, haifuwa ta tsaya."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce Allah ya kyauta wa dodon koɗi. Shi bai yi dariyar ba. Ya ce saboda haka ne ƙasashe suka haɗu suka hana shafa shi, kuma abin da aka hana a can ai dole ya nemi inda ba a karatun gwangwani. Ya ce ga mutum yana ƙona fata da ido, wannan na gani da kaina. In kuma ya daɗe yana shiga ciki kaɗan-kaɗan, an ga a jikin dabbobi yana raunana garkuwar jiki, yana rikita abubuwan da ke tafiyar da haihuwa da girman abin da ke cikin ciki. Ga ɗan Adam, ya ce, ba zai rantse mini da iyakar ɓarnarsa ba, amma shi ba zai bari a gwada da nasa ba.

Na ce, "To Malam, in wani ya zuba ruwan sha cikin durom ɗinai fa? Ruwan na tsayawa garau, ko gansakuka babu."

Ya dube ni. "Mamman, gansakuka rai gare ta. Ruwan da taƙ ƙi zama ciki, kai mi kaka nema ciki?"

A nan dariya ta ƙare mini. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a saman tsani. Na rufe gwangwanin, na ce masa ƙofofinsa sai wani jiƙon.

Wanda bai san mu ba zai ce ai abu mai sauƙi ne, ka hau babur ka je ka ce a daina sha. To ka je ka faɗa wa wa? Ba ni da bakin da zan ce ina tsoron wani abu ya samu ɗiyata ta fari, balle in ambaci cikinta, a gidan surukai. Ba ta zuwa goyon ciki gida sai cikin ya tsufa, kuma Malam Lawali ya ce watannin farko su ne abin ji. Ga shi ni da bakina na cika Kebbe da cewa ba a taɓa yin fenti irin wannan ba.

Na fara da aika mai ɗakina. Ta je ta yi zagaye-zagayenta na mata, ta ce an ce fentin nan bai dace da ruwan sha ba. Hajiya Kulu mace ce mai kaifin hankali da kaifin baki, kuma ba ta son a koya mata riƙon gida. Ta ɗebo ruwan a kofin gilashi ta ɗaga shi a rana. "Duba nan. Ki nuna min cutar. Ruwan randa da kika gani da tsutsa shi na lafiyayye, wanga da ka walƙiya shi na mai ciwo? Mun sha mun yi wata da watanni, wa yam mutu?"

Na je da kaina wurin Alhaji, muka zauna a zaure. Na kawo zancen kuza mai hannu uku, har da dodon koɗi. Ya saurara da ladabi irin na surukai, ya ce lallai ilimi kogi ne. Sa'an nan ya ce shi bai taɓa shiga tsakanin Hajiya da kayan ruwanta ba, kuma da wannan ya kai yawan shekarun da ya kai.

Sai na yi dabarar da na ɗauka ta ƙare magana. Na sayi sabon durom na roba, shuɗi, mai murfi, wanda ba a taɓa zuba masa komai ba, na aika. Hajiya ta yi murna ƙwarai, ta sa albarka. Ta ce abu mai murfi haka ai ɓarna ce a zuba masa ruwa, ta cika shi da wake.

Maganar Malam Lawali ce ta dawo mini, cewa kifi na mutuwa. Idan Hajiya ba ta yarda da abin da ba ta gani ba, to sai a nuna mata. Na shirya da mai ɗakina. Muka biya bakin gulbi wurin masunta da safe, na zaɓi tarwaɗa masu rai, matasa masu ƙarfi, muka zuba su a jarkar da aka yanke wa baki. Kowa ya san tarwaɗa ba ta mutuwa da wasa. Tana kwana cikin laka, a buga mata taɓarya ta yi ta motsi. Waɗannan har hanyar Kebbe suka sha a bayan babur suka iso suna harbin jarka.

Ni na tsaya a zaure, abin da ya faru ciki mai ɗakina ce ta ba ni labari. Ta ce wa Hajiya tsaraba ce, amma a bar su da rai sai gobe, tun da Alhaji ya tafi kasuwa, ya dawo ya ci sabo. Ta ce sun yi yawa a baho ɗaya, a raba biyu. Baho ɗaya ta cika shi da ruwan rijiya da hannunta. Ɗayan kuwa ta ce, "Hajiya, waɗanga manyan a ba su na alfarma mana." Hajiya ta ji daɗin maganar, ita da kanta ta ɗebo daga jan durom. Na bar mai ɗakina ta kwana can, na koma.

Washegari da hantsi na dawo ɗaukarta. Na tarar gidan shiru, irin shirun da ake yi in an fasa tulun wani. Na bahon rijiya suna ta iyo suna faɗa da juna. Na ɗayan bahon sun juya ciki sama, fari fat, ɗaya ne kawai yake ɗan buɗe baki. Mai ɗakina ta ce Hajiya ta tsaya a kan bahon nan biyu ta daɗe. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi jan durom. Ta juya ta dubi surukarta mai cikin da ke tsaye riƙe da moɗa. Ta karɓe moɗar daga hannunta.

Maƙwabta sun riga sun leƙo. Wata ta ce a yi maza a soya kafin su yi wari. Sai Hajiya ta ɗaga murya yadda har ni a zaure na ji.

"Ba mai soya su! A gina rami a rufe, ko kyanwa kada ta taɓa. Ku gane min surukin ga namu. Ya rasa abin da za shi kawo muna sai kifin da yag gaji da duniya." Mata suka kwashe da dariya. Ta bari suka gama, sa'an nan ta ƙara. "Kuma na gane take-takenai. Aike bisa aike, dud don wanga durom. Tun da idonai na bisa abinai, a kifar da ruwan can bayan gida a ɗaura mishi shi ga babur. Mu ba mu riƙon kyautar da mai ita bai saki ba."

Haka na fito daga Kebbe da rana tsaka, mai ɗakina a baya, jan durom a ɗaure a bayanta yana ƙara a kowane rami, yara na bin mu da ido. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa jin sanyi a raina irin na ranar nan ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata a sana'a. Labari ya riga ni isowa Tambuwal, ya wuce har Fakku. Ba labarin kifi da ruwa ba, wannan ba wanda ya ɗauka. Labarin mai fentin da ya bi uwargida har gida ya karɓe durom, kuma uwargidan nan surukarsa ce. Wace uwar amarya za ta kira irin wannan? Na ƙara wa kaina da na daina jan fentin, na kuma bi gwangwanayen da na bari a gidaje ina roƙo, inda aka ba ni in huda gindinsu da kurfi a gaban masu su. Maza suka ce na ɓoye fentin ne don ya yi tsada. Shehu Ɗan Ikko ya sayar da ragowar nasa ga wasu, ya ce ni hassada ce ke damuna. Na yi bayanin hannu uku har na gaji, aka fara kirana Malam Kuza. Damina ta same ni a gona, rani ya same ni ina shafa farar ƙasa a gindin itatuwan makaranta, aikin da Malam Lawali ya nemo mini don tausayi. Buroshina suka huta har na riƙa wanke su ba su yi datti ba.

Durom ɗin kuwa, Malam Lawali ya ce kada in ƙona, kada in jefa gulbi. Na cika shi da siminti na shafe bakinsa, yana nan a kusurwar gidana nesa da rijiya. Matan da suka shigo suka gan shi sun samu hujjar da ta rage musu. Suka ce ku duba, ko amfani da shi bai yi ba, rowa ce tsagwaronta.

Sannu a hankali aiki ya dawo, domin gari ba ya rasa amare kuma masu fenti ba su da yawa. Sunan dai bai tafi ba. Ni da Hajiya Kulu ba mu taɓa tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa. Abin da na sani kawai, ta juye waken nan ta mai da shuɗin durom na ruwa, kuma duk shekara in an yi girbi sai ta aiko mini da wake, ba saƙo ba bayani. Ƙofofin gidan nan na Kebbe har yau gara ba ta taɓa su ba. In ana son a yabe ni, su ake nunawa.

Cikin nan da ban taɓa ambata ba ya zama mace, Nana. Ban san ko ruwan zai yi mata wani abu ba, Malam ma bai rantse ba. Na dai san ta zo da yatsunta cikakku da baki irin na kakarta ta Kebbe. Jika ba ɗan fari ba ne, ita ina kiran sunanta yadda na ga dama, tana kirana tsoho mai ran ƙarfe. A gidansu ta tashi tana jin labarin yadda kakanta ya kai mataccen kifi gidan surukai ya ƙwato durom, kuma duk lokacin da ta gan ni sai ta tuna mini. Ban gyara mata ba. Hajiya ta biya ni da wake, ni kuma na bar mata labarinta.

Bana aka sa ranar Nana, ni na yi fentin ɗakinta. Na kankare, na cike, na goge, na sa aka jira siminti ya bushe duk da gunagunin iyayenta mata. Fentin ruwa ne, kuma sai da na sa aka karanta mini jikin bokitin kaf kafin in buɗe. Ina wanke rola ta leƙo ta taga.

"Tsoho, bokitin fa? Bar min za ka yi, ko sai na kai ƙara ka biyo ni da kifi?"

Na wanke shi ciki da waje na miƙa mata. Na ce na wanki ne, ba na sha ba.

"To in na zuba ruwa gansakuka taf fito fa? Ka san ni ban son ƙazanta."

Na ce, "In taf fito ki wanke, ki gode ma Allah. Ranar da kig ga ta ƙi fitowa, ki aiko a kira ni."